Amsa Ga Masu Saurare: Asalin Sunan Giorgia Da Ma'anarsa

Takardunku sun taru, mun gode ƙwarai, amma yau guda ɗaya za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma maganar ta shafi zumunci.

Takardar ta fito ne daga wani Alhaji mai sana'ar hatsi a ƙasar Katsina. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Alhaji ya ce yana da ƙane wanda ya daɗe da zama a ƙasar Italiya, ya auri 'yar can, Allah ya albarkace su da 'ya mace, aka sa mata suna Giorgia. To tun ranar da labari ya iso gida, kan dangi ya rabu. Wasu suka ce sunan gunki ne. Wasu suka ce ai sunan matar nan ne da ke shugabancin gwamnatin Italiya, ya sa wa 'yarsa don ya sami takardun zama. Ita kuwa tsohuwarsu ta ce bakinta ba zai kira jikarta da sunan da ba ta san ma'anarsa ba. Alhaji ya ce shi ma ransa ya ɓaci, har ya daina ɗaukar wayar ƙanen nasa, amma kafin ya yanke hukunci yana so ya san asalin sunan nan da ma'anarsa.

To Alhaji, madalla da wannan tambaya, matambayi ba ya ɓata. Bari mu ba ka amsar a taƙaice tukuna, sa'an nan mu bi ta daki-daki. Ma'anar Giorgia ita ce manomiya, wato mai aikin ƙasa. Ka ji fa. Kai da kake auna hatsi kullum, 'yar ƙanenka sunan masu kawo maka hatsin ta ci.

Mu fara da yadda ake faɗin sunan, don tsohuwa ta sami sauƙi. Yadda ake rubuta shi yana ruɗa mutum, amma a baki gaɓa biyu ne kawai: Jor-ja. Dalili kuwa, a rubutun Italiyanci harafin "g" idan ya zo kafin "a" ko "o" ko "u", ana faɗinsa kamar na farkon kalmar gero. Idan ya zo kafin "e" ko "i" sai ya koma "j". Saboda haka in suna son rubuta "jo" sai su rubuta "gio", in suna son "ja" su rubuta "gia". Wasalin "i" ɗin nan alama ce kawai, ba a furta shi. Namijin sunan shi ne Giorgio, a baki Jorjo. Masu sayar da turare da takalma sun saba ganinsa a jikin kwali, domin sunan mashahurin telan nan ne na birnin Milan, Giorgio Armani, wanda ya mutu a watan Satumba na 2025 yana da shekara 91. Italiyawa sukan mai da sunan namiji na mace ta hanyar sauya wasalin ƙarshe: Paolo da Paola, Roberto da Roberta, Francesco da Francesca, kamar dai yadda muke da Aminu da Amina, Jamilu da Jamila. Sai dai a lura, akwai sunayen maza a can da ke ƙarewa da "a", irin su Luca da Andrea da Nicola. Ɗan kasuwar da ke hulɗa da su ta takarda ya kiyaye, kada ya kira namiji uwargida.

Asalin sunan kuwa daga harshen Girkanci ya fito, harshen mutanen ƙasar Girka, maƙwabtan Italiya ta gabas, teku ne ya raba su. Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko ita ce "ge", ma'anarta ƙasa. Waɗanda suka yi makarantar boko sun haɗu da ita a farkon sunan darasin jogarafi, wato labarin ƙasa. Ta biyu ita ce "ergon", ma'anarta aiki. Da aka gama su sai aka sami "georgos", mai aikin ƙasa, manomi ke nan. Daga nan sunan namiji Georgios ya fito. Shi kansa noman, a Girkanci sunansa "georgia", kuma har yau haka Girkawa suke kiransa. Kalma ce ta bakin kowa, ta gona da garma, ba ta ɗakin tsafi ba. Wannan ya amsa maganar masu cewa sunan gunki ne.

Rumawa, kakannin Italiyawan yau, sun ari kalmar tun da daɗewa. Akwai wani babban mawaƙinsu mai suna Virgil, haifaffen karkara kusa da garin Mantuwa a arewacin Italiya. Wajen shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya gama wata doguwar waƙa da ya kira Georgica, wato al'amuran noma. Kashi huɗu ya yi ta: na farko a kan noman hatsi da lura da yanayin sama, na biyu a kan itatuwa, musamman inabi da zaitun, na uku a kan kiwon dabbobi, na huɗu a kan kiwon zuma. Shekara dubu biyu ke nan da 'yan kai, har yanzu ana karanta ta a makarantun Italiya.

To yaya aka yi kalmar manomi ta zama sunan da ya game Turai? A nan ne maganar addini ta shigo, kuma Alhaji, za mu faɗa maka ita yadda take. Akwai wani mutum mai suna Georgios, wanda Kiristoci suke ɗauka waliyyi ne, Italiyawa suna kiransa San Giorgio. Bisa ga abin da aka ruwaito, soja ne a rundunar Rumawa, aka kashe shi wajen shekara ta 303, zamanin da Sarkin Rum Diocletian yake gallaza wa mabiya Annabi Isa, saboda ya ƙi barin addininsa ya yi wa gumakan sarki yanka. Kabarin da ake danganta masa yana garin Ludd a ƙasar Falasɗinu ta dā, garin da yau yake cikin Isra'ila ana kiransa Lod. Kun ga ke nan mutumin da ya sa sunan ya shahara, ƙin bautar gunki ne ya jawo ajalinsa. Wannan kuwa ya faru kusan shekara ɗari uku kafin aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Malaman tarihi na Musulunci ma sun san shi, da sunan Jirjis. Babu sunansa a cikin Alƙur'ani, amma Imam Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya kawo labarinsa a littafinsa na tarihi. A can an ce salihin bawa ne daga Falasɗinu, mai bin addinin Annabi Isa, kuma ɗan kasuwa ne mai yawan sadaka, wanda ya je ya yi wa azzalumin sarkin Mausil wa'azi, sarkin ya yi masa azaba iri-iri. A birnin na Mausil, cikin ƙasar Iraƙi, akwai wani tsohon masallaci mai sunansa, wanda 'yan ƙungiyar ISIS suka rusa a watan Yuli na 2014.

Daga baya sai tatsuniya ta shiga cikin labarin. Wani malamin coci mai suna Jacopo da Varazze, wanda ya zama babban limamin cocin birnin Jenowa a Italiya, ya tattara labaran waliyyai wajen shekara ta 1260. A cikin littafinsa ya ce a wani gari a ƙasar Libiya akwai dodo mai kama da ƙaton maciji, yana zaune a tafki, ya addabi mutane. Kullum sai an ba shi tumaki biyu. Da tumaki suka yi ƙaranci aka koma jefa ƙuri'a a kan 'ya'yan gari, har ta faɗa kan 'yar sarki. Sai ga San Giorgio bisa doki, ya soke dodon da mashi, ya ceci yarinyar. Sarki ya ba shi dukiya, ya ce a raba wa matalauta. Na san da yawanku kun riga kun tuna da Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura. Labaran sun yi kama, gaskiya ne, amma kama da wane ba ta wane, al'ummomi da yawa suna da labarin baƙon da ya kashe maciji ya 'yantar da gari. Masana tarihi dai sun ce maganar dodon ƙari ce da aka yi ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar mutumin. Amma ita ce ta sa ake zana shi bisa doki da mashi a hannu, har mutane suka manta cewa sunansa na manomi ne.

A Italiya sunan ya kafu sosai. Garuruwa da ƙauyuka da yawa ana kiransu San Giorgio. Biranen Ferrara da Ragusa da Reggio Calabria sun ɗauke shi waliyyinsu. Mutanen Jenowa, waɗanda fatake ne na teku, tutarsa suka riƙa, fara mai jan gicciye, irin wadda masu kallon ƙwallo suke gani a hannun magoya bayan Ingila. 'Yan kasuwa ku saurara da kyau: a shekara ta 1407 attajiran Jenowa da ke bin gwamnatin birninsu bashi suka haɗu suka kafa wani gidan kuɗi da suka kira Bankin San Giorgio. Yana cikin bankuna mafi tsufa a Turai, ya yi kusan shekara ɗari huɗu yana aiki, sai a 1805 aka rufe shi zamanin Napoleon.

Duk da haka sunan bai rabu da karkara ba. Ranar 23 ga Afrilu ita ce ranar San Giorgio, lokacin da sanyi ya wuce a can, ciyawa ta fito. A yankin Milan, a al'adar dā, ranar ce makiyaya da masu sayar da madara suke sabunta yarjejeniyar cinikinsu ta shekara, kuma wajen lokacin ne ake kora shanu zuwa makiyayar kan duwatsu. A ranar masu madara sukan ba abokan cinikinsu kyautar kirim, wato man da ke tasowa a saman madara, a tsoma wani ɗan burodi mai zaƙi a ciki. Sunan burodin "pan de mej", ma'anarsa burodin gero, domin da garin wani irin gero nasu aka fara yin sa, ko da yake yanzu garin masara ake sawa. Gero da madara ke nan, jama'a. Ashe ba mu kaɗai muka san daɗin wannan haɗin ba.

Akwai kuma wata mace mai sunan, wadda Italiyawa ke kira Santa Giorgia. Ta rayu wajen shekara ta 500 a garin Clermont na ƙasar Faransa, ta keɓe kanta don ibada, ana tunawa da ita ranar 15 ga Fabrairu. Wannan yana da muhimmanci a can, domin Italiyawa suna da al'adar da suke kira "onomastico", wato ranar mai suna. Kowane suna yana da ranarsa a shekara, a ranar sai 'yan'uwa su yi wa mai sunan barka, wani lokaci har da 'yar kyauta. Masu suna Giorgia wasu suna yin tasu a Fabrairu, wasu a Afrilu.

Sunan ya zaga duniya, kowace al'umma ta lanƙwasa shi yadda harshenta ya iya. Ingilishi suna cewa George, Sifaniyawa Jorge, Rashawa Yuri, Habashawa Giyorgis, Larabawa Jirjis. Har nan ƙasarmu ya taɓa zuwa, a cikin aljihun iyayenmu. Dattawa za su tuna da Sarki Joji na Ingila. An yi Joji na biyar daga 1910 zuwa 1936, da Joji na shida daga 1936 zuwa 1952. Wanda ke da tsohon kwabo mai huji na zamaninsu a ajiye, ya duba gefensa, zai ga an rubuta GEORGIVS da harshen Rumawa. Sarki Manomi ke nan, in da za a fassara.

Yanzu sai maganar shugabar gwamnati. Gaskiya ne firayim ministar Italiya sunanta Giorgia Meloni. An haife ta a birnin Rum ranar 15 ga Janairu, 1977, aka rantsar da ita ranar 22 ga Oktoba, 2022, kuma ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a ƙasar. Ta shahara da sunan nata har ta kai a zaɓen majalisar Turai na 2024 ta ce wa magoya bayanta su rubuta Giorgia kawai a takardar ƙuri'a. Amma sunan ya cika gari tun kafin ta hau mulki. Akwai wata zabiya da ake kira Giorgia, wadda ta ci gasar waƙa ta Sanremo, babbar gasar ƙasar, a 1995. Kuma ƙididdigar hukumar ƙidaya ta Italiya ta nuna cewa a farkon shekarun 2010 sunan yana cikin goma na farko da aka fi sa wa jarirai mata. Wato kamar ka ce Zainab ko Hadiza a wurinmu. Ba wanda zai ji an sa wa yarinya Hadiza ya ce lalle don wata mai mulki aka sa.

Zancen takardun zama kuwa, suna ba ya ba da takarda a Italiya. A dokar ƙasar, ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Italiya ne, aka kuma haife shi a can, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, ko wane suna aka sa masa. Ma'aikacin ofis takardar aure da ta haihuwa yake dubawa.

Ga abin da ya kamata ka bincika, Alhaji. Italiyawa, musamman na kudu, suna da al'ada mai ƙarfi ta sa wa jariri sunan kakansa, kamar yadda muke yi wa iyayenmu takwara. Saboda haka ka tambayi ƙanenka sunan surukinsa da na surukarsa. In ka ji Giorgio ko Giorgia, to ka gane matarsa iyayenta ta girmama, abin da kowace 'yar halak take so ta yi. Ka kuma tambaye shi ko yarinyar tana da suna na biyu, domin dokar ƙasar ta shekara ta 2000 ta yarda a sa wa yaro sunaye har uku. Dokar nan ta ce a rubuta haihuwa cikin kwana uku in a asibiti za a yi, ko cikin kwana goma in a ofishin gari ne. Ka ga ke nan sau da yawa ana shigar da suna a takarda tun kafin ranar bakwai ta zagayo, kafin a yi shawara da na gida. Ta kuma hana sa wa yaro sunan ubansa da ke raye, ko na wansa ko yayarsa masu rai, ko sunan da zai jawo masa ba'a da kunya. Su ma sun san suna linzami ne.

Hukuncin shari'a a kan sa wa 'yar Musulmi wannan suna, wannan fagen malamai ne, sai ka je wa malamin da ka amince da shi. Amma ka kai masa bayanin duka biyu: ma'anar sunan manomiya ce, ba ta da aibi, kuma ta hanyar waliyyin Kirista ya yaɗu a Turai. Kada ka ɓoye ɗaya ka faɗi ɗaya. Zai kuma kyautu ka tuna masa cewa muna da irinsa a gida. Sunan Harisu da muke sa wa 'ya'yanmu daga Larabci yake, ma'anarsa mai noma, mai nema da guminsa, kuma a wani hadisi da Abu Dawuda ya ruwaito an lasafta shi cikin sunayen da suka fi dacewa da halin ɗan Adam. A Hausa kuma muna da Nomau, wanda aka haifa lokacin noma, da Shibkau, na lokacin shuka, da Marka, wadda aka haifa ana tsakiyar ruwa. Bahaushe bai taɓa jin kunyar raɗa wa ɗansa sunan gona ba, sai fa 'yan zamani da suke ganin fartanya abin gudu ce. Ga shi kuwa sarakunan Ingila shida da shugabar gwamnatin Italiya duk sunan manomi suke amsawa. Na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar.

Ita kuma tsohuwa, a gaishe ta, a gaya mata ma'anar sunan. In har yanzu bakinta bai sake da shi ba, ai kaka ba ta rasa sunan da za ta kira jikarta. Tun fil azal kakanni suke raɗa wa jikoki laƙabi, wani lokaci ma laƙabin ya danne sunan yanka. Ta zaɓa wa kishiyar tata wanda ya kwanta mata, a sanar da iyayen. Kai kuma Alhaji, ka ɗauki wayar ƙanenka. Mutumin da ke baƙuwar ƙasa, in na gida suka juya masa baya, 'ya'yansa za su tashi ba su san hanyar gida ba, ba su ji Hausa ba, ba su san kowa nasu ba. Wannan asarar ta fi ta suna girma nesa ba kusa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya raya yarinya, ya shirya ta, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce.

To jama'a, a nan za mu dakata a wannan mako. Masu tambaya a kan maganin ƙwarin wake a rumbu, da mai tambaya a kan asalin ma'aunin tiya, takardunku sun iso, ku saurare mu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai aiko da takarda ya rubuta tambayarsa a fili, ya faɗi garinsu, in kuma yana so a sakaya sunansa ya ce. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka. Mu kwana lafiya.